Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Da Ya Gina Mana Tafkin Ninƙaya A Garwa

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne bayan na aika muku takarda har sau biyu ta hannun wakilinku na nan Garwa, na kuma yi ta buga waya ofishinku na Duwala, amma amsar da nake samu ba ta wuce a ce mini za a duba lamarin ba. Ban ambaci sunan kamfaninku ba domin har yanzu ina da fatan za mu gyara tsakaninmu cikin mutunci, sai dai na ga ya wajaba in fayyace abin da ya faru dalla-dalla, ko don masu niyyar gina irin wannan wuri a gidajensu a Garwa da Marwa da Ngaundere su san abin da za su tambaya kafin su sa hannu a takarda.

Tun ranar da wakilinku ya fara zuwa gidana na gaya masa dalilin aikin. Mahaifiyata, Hajiya, ta haura shekara 70, ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, har salla ma a kan kujera take yi, kuma likita ya ba ta shawarar ta riƙa takawa a cikin ruwa domin ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Mace irin ta ba za ta je pisin ɗin otal, wato tafkin ninƙaya, ta shiga ruwa a idon jama'a ba, haka su ma matan gidan. Shi ya sa na ware gefen tsakar gida, na tara kuɗin a hankali, na nemo ku. Na faɗa masa a gaban ƙanena cewa ramin da tayil ɗinsa ba su dame ni ba kamar abu biyu: ƙarfen da Hajiya za ta dafa ta sauka ta hau, da inuwar da za ta sa a iya amfani da wurin a bazara. Abin baƙin ciki, waɗannan biyun su ne kuka yi wa riƙon sakainar kashi.

A takardar ƙiyasin kuɗin da kuka buga wa hatimi, an rubuta cewa ƙarfen dafawa zai kasance inoks, wato farin ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 316L. Ban san ma'anar lambar ba a lokacin, amma yanzu wahala ta koya mini. Inoks iri-iri ne. Mai lamba 304, wanda ake yin tukwane da wurin wanke-wanke da shi, yana da sinadarin kuromiyom kusan kashi 18 da nikel kusan kashi 8 cikin ɗari. Mai lamba 316 kuwa an ƙara masa molibdinom kashi 2 zuwa 3, kuma wannan ƙarin ne yake ba shi juriya ga kulorin, wato maganin tsarkake ruwa, da gishiri, harafin L ɗin kuma yana nufin an rage masa kabon domin kada wurin walda ya zama ƙofar tsatsa. Akwai kuma mai lamba 201, wanda aka rage wa nikel aka cike da manganis saboda araha, shi ne ya cika kasuwa ana yin ƙofofi da barandar bene da shi. A ido dukkansu ƙyalli ɗaya suke yi ranar da aka kafa su.

Ba a yi wata uku da miƙa mana aikin ba sai ga jan tsatsa ta fito a duk inda aka yi walda, tana gangarowa kan farin tayil kamar an zubar da ruwan goro. Da na nuna wa wakilinku, sai ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya manna a jikin ƙarfen, ya ce tun da bai kama ba to inoks ne na gaske. Ranka ya daɗe, wannan gwaji ba ya raba gardama, domin 201 da 304 da 316 duka a bisa al'ada maganaɗisu ba ya kama su. Daga nan ya juya ya ce ni ne nake cika wa ruwan magani. Ina da littafin da ɗana yake rubuta awon ruwan kowace safiya tun ranar farko: kulorin bai taɓa fita daga miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita ba, ma'aunin pH na tsamin ruwa kuma yana tsakanin 7.2 da 7.6, daidai da abin da takardarku ta umarta. Littafin yana nan ga duk mai son gani.

Ba zan rantse cewa kun sauya ƙarfen da mai araha ba, domin wani tsohon mai walda da na kira ya gaya mini cewa ko 316 na gaske yana iya yin tsatsa idan aka goge shi da faifan da aka yanka baƙin ƙarfe da shi, ko kuma aka yi walda ba a wanke wurin da sinadarin da ke maido masa da kariyarsa ba. To amma ko wanne ne daga ciki, daga hannunku ya fito. Abin da na gani da idona kuwa shi ne notunan da aka ɗaure gindin ƙarfen da su: da muka ɗaga murfin, sai muka tarar da notunan baƙin ƙarfe na gama-gari, sun kumbura da tsatsa har ɗaya ya ɓare a hannun mai waldan, alhali wanda ya dace da bakin ruwa mai kulorin shi ne notin inoks mai alamar A4. Ƙarfen da kansa ba a dasa shi cikin kankare ba, an huda tayil ne kawai aka ɗaure, shi ya sa yanzu idan babban mutum ya jingina da shi sai ya ji yana rawa.

Ko da babu tsatsa, fasalin ƙarfen bai dace da wadda aka yi shi dominta ba. Matakalar tana da hawa huɗu, amma ƙarfen ya ƙare a kan hawa na biyu, wato daidai inda ruwa ya fara kai wa mutum cinya, inda tayil ya fi santsi, nan ne hannu yake rasa abin kamawa. An kafa shi a gefe ɗaya kawai. Kaurin bututun ya kai milimita 60, alhali wanda aka saba sa wa tsanin pisin yana wajen milimita 43, kuma bambancin ba ƙarami ba ne ga tafin hannun tsohuwa mai jiƙe da ruwa. Na tsaya ina kallon Hajiya ranar da ta fara gwadawa: yatsunta sun kasa zagaye ƙarfen, ta sauko hawa biyu tana bismillah, ta miƙa hannu gaba ta ji babu komai, sai ta tsaya cak tana duban matata. Da kafaɗar matata ta ƙarasa sauka, da ita kuma ta fito. Wannan dogaro da wani shi ne ainihin abin da na biya kuɗi domin in raba ta da shi.

Akwai wani batu da ya fi tayar mini da hankali. Mai gyaran wutar da ya zo duba famfon tace ruwa ya tambaye ni ina wayar da ta haɗa ƙarfen dafawa da ƙasa, muka duba ba mu same ta ba. Ƙa'idar duniya ta aikin lantarki mai lamba IEC 60364-7-702, wadda ta shafi wuraren ninƙaya, ta tanadi a haɗa ƙarafan da ke kewaye da ruwa wuri ɗaya da wayar kariya, domin kada wuta ta ɓalle ta bi jikin mutum. A takardarku an caje ni kuɗin wannan aiki. Ina so a nuna mini inda aka yi shi.

Sai maganar inuwa, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo. A yammacin filin akwai darbejiya da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya dasa da hannunsa. Injiniyanku ya ce dole a sare ta, domin ganyenta zai riƙa toshe matatar ruwa, saiwarta kuma za ta iya fasa bangon ramin. Maganarsa tana da hujja, na kuma yarda, amma da sharaɗin cewa rumfar da za ku yi za ta maye gurbin inuwar da za mu rasa. Na ba da shawarar a yi rumfa mai ginshiƙai huɗu a kan matakala da gefen yamma, ko da da zana za a rufe ta kamar yadda muka gada, tun da kowa ya san rumfar zana ta fi ta kwano sanyi. Wakilinku ya buɗe mini littafin hotuna na gidajen Turai, ya ce yanzu tamfol mai kusurwa uku ake yayi, zana kuwa za ta zubar da darajar aikin.

Garwa tana wajen digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya. A watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, rana tana tsayawa kusan a tsakar ka da azahar, sannan ta karkata yamma ta ci gaba da duka har bayan la'asar. Duk yaron da ya taɓa zama a gindin bishiya a garin nan ya san inuwar yamma gabas take faɗuwa. Amma ma'aikatanku sun ɗaura tamfol ɗin a gefen gabas, wai domin ya fi kyau idan an hango shi daga falo. Sakamakon haka, da hantsi inuwa tana kan ruwa lokacin da kowa yana makaranta ko kasuwa ko madafa, daga ƙarfe biyu kuwa sai ta koma kan katangar maƙwabci, ta bar matakala da ƙarfen dafawa a cikin rana tsirara. A cikin Afrilu ƙaramar 'yata ta kama ƙarfen da ƙarfe uku na yamma, ta sake shi da ihu, tafin hannunta ya yi ja wur har dare. Tun daga ranar muke naɗa masa tsohon zani muna jiƙawa. Ita kuma rana tana cinye kulorin ɗin ruwa, domin haskenta yana lalata shi, tana kuma ƙafar da ruwan, don haka kuɗin magani da na ruwa duka sun ƙaru a kaina.

Shi kansa tamfol ɗin na roba ne wanda ruwa da iska ba sa ratsawa, aka kuma shimfiɗa shi a kwance babu gangara. Akwai saƙaƙƙen yadin inuwa na roba mai suna HDPE, wanda yake tare yawancin hasken rana mai ƙuna amma yana barin iska ta wuce, zafi kuma ba ya taruwa a ƙarƙashinsa, ba a ko ambata mini shi ba. Wanda ya zauna a arewacin Kamaru ya san ruwan farkon damina da iska mai ƙarfi yake zuwa, irin wadda take yaye kwanon gidaje. A hadarin farko na watan Mayu iska ta cika tamfol ɗin, ta tumɓuke ginshiƙi ɗaya da ɗan dunƙulen simintinsa, ta maka shi a bakin tafkin, tayil shida suka fashe. Na auna ramin da ya fito daga ciki, bai kai santimita 40 ba. Allah ya kiyaye, da magariba abin ya faru, yara suna ɗaki.

Na san za a ce ai na karɓi aikin na biya cikon kuɗi, kuma gaskiya ne. A farkon Fabrairu kuka miƙa mini shi, hazon hunturu ya rufe rana, ruwa ya yi sanyin da ba mai shiga, babu hadari babu guguwa, ƙarfe yana ta ƙyalli. A irin wannan lokaci babu ɗaya daga cikin waɗannan kurakurai da zai bayyana ga wanda ba sana'arsa ba ce. Ku ne masana, a kan saninku na dogara, kuma takardarku ta ba ni garanti na shekara ɗaya wanda bai ƙare ba.

Saboda haka ina neman ku kawo mini takardar shaidar masana'anta da ke nuna lambar ƙarfen da kuka kafa, idan kuma babu ita, a cire shi a sa 316L na gaske mai kaurin da hannu zai iya riƙewa, a gefe biyu na matakala, ya kai har hawa na ƙarshe, a dasa gindinsa cikin kankare da notunan A4, a kuma haɗa shi da wayar kariya a gaban mai gyaran wutar da zan kira. Ina neman a tayar da rumfar daga gabas a mayar da ita yamma da kan matakala, da ginshiƙai masu zurfin gindi da yadin da iska ke ratsawa, wanda za a iya kwancewa idan hadari ya haɗu, sannan a maye tayil ɗin da suka fashe, duka a kan kuɗinku. Ban nemi diyyar darbejiyar ba, domin ba abin da za ku biya ya tsayar da ita.

Na ba ku kwana 21 daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. Idan wa'adin ya cika ban ga ma'aikatanku ba, zan kai ƙara ofishin ma'aikatar kasuwanci na yankin Arewa, bisa dokar kare haƙƙin mai saye ta Kamaru mai lamba 2011/012 ta ranar 6 ga Mayu, 2011, tare da takardar ƙiyasin kuɗi da rasiɗai da hotuna da notunan da muka cire. Kafin nan ina roƙon ku turo injiniyanku da kansa, kuma ya zo da misalin ƙarfe uku na rana, ya dafa ƙarfen da hannunsa, ya duba inda inuwar take. Hajiya ba ta sake shiga ruwan ba tun watan Afrilu, kuma kusan kullum sai ta tambaye ni ko masu gyaran sun ce ga ranar da za su zo.

Wassalam.

Naku,
Magidanci daga Garwa, Jamhuriyar Kamaru