Yaƙin 'yan tudu da 'yan kwari bai faɗo daga sama ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan ƙagaggen labarin nan da kuke bugawa kashi-kashi a shafin adabi, na ƙasar da babu ita a taswira, inda 'yan tudu da 'yan kwari suka gwabza yaƙin basasa. Na ga wasiƙun wasu masu karatu da ke neman a dakatar da shi, wai kada a fama tsohon miki. Ni ba na cikinsu, a ci gaba da bugawa. Ƙorafina daban ne, kuma da marubucin nake, kai dai ka isar min.

Da farko dole a yaba masa dabarar ƙago ƙasa. Duk sanda aka ba da labarin yaƙin gaske, abin da mai karatu yake fara nema shi ne ina nasa suke. In ya same su, gawarsu kaɗai zai ƙirga, ta sauran kuma ya tsallake. A ƙasar da babu ita kuwa, ba wanda kakansa ya fito daga tudu ko daga kwari, don haka mutum yana iya sauraron ɓangarorin biyu ba tare da zuciyarsa ta riga kunnensa ba. Alƙalamin malamin nan kuma yana da kaifi. Wurin da aka tare motar haya a shinge, aka ce kowane fasinja ya ƙirga daga ɗaya zuwa goma don a gane karin harshensa, ya rubutu ƙwarai, musamman yadda yaron nan ya riƙa cije harshe yana kwaikwayon maganar direba.

To amma duk inda labarin ya zo gaɓar da ya kamata a faɗi dalilin yaƙin, sai a kawo mana wani tsoho ya ce gaba ce ta kaka da kakanni, tun fil azal ba a ga maciji tsakanin tudu da kwari, abin a jini yake. An maimaita wannan a kashi fiye da ɗaya, kuma babu wani a cikin labarin da ya ƙaryata tsohon. Malam Edita, wannan ita ce ainihin tatsuniyar da masu kunna irin wannan wuta suke yi wa jama'a. Ita ce kuma manyan ƙasashe suke fakewa da ita in ba su son shiga tsakani, su ce ai mutanen can haka suka saba. Marubuci yana da damar sa wannan magana a bakin tsoho, amma bai kamata shi ma ya yarda da ita ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari in ɗauki Ruwanda, tunda ita ce aka fi kafa hujja da ita. Hutu da Tutsi harshe ɗaya suke yi, a kan tsaunuka ɗaya suke zaune, akasarinsu addini ɗaya, ga auratayya. Bambancin yana nan tun kafin zuwan Turawa, amma Turawan Beljiyam ne a shekarun 1930 suka rubuta shi a katin shaida, ya zama ɗa ya gaji ubansa ba sauyi, kuma da shi ake rabon makaranta da muƙami, ana fifita Tutsi. A 1959 reshe ya juye, Hutu suka yi bore, Tutsi da yawa suka yi gudun hijira. A 1989 farashin gahawa ya faɗi warwas a kasuwar duniya, ita ce kuwa ƙashin bayan tattalin arzikin ƙasar. A watan Oktoban 1990 'ya'yan waɗancan 'yan gudun hijira suka shigo da makamai daga Yuganda. Gwamnatin da ta ga mulki yana neman suɓuce mata ta ninka yawan sojoji, ta horar da matasan jam'iyya, a 1993 kuma aka buɗe gidan rediyon RTLM, wanda ya riƙa haɗa kiɗan zamani da barkwanci da kiran Tutsi kyankyasai. A ranar 11 ga Janairun 1994 kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, Janar Roméo Dallaire, ya aika wa hedikwata saƙo cewa an tsegunta masa ana rubuta sunayen Tutsin birnin Kigali, kuma an ɓoye makamai. Aka hana shi kai samame. Saura kusan wata uku ke nan a harbo jirgin shugaban ƙasa Habyarimana, wanda Hutu ne, a ranar 6 ga Afrilu. Cikin kwana ɗari da suka biyo baya aka kashe mutum wajen 800,000.

Abin da na fi so marubucinku ya duba shi ne lardin Butare. A can, kusan mako biyu aka yi ana zubar da jini a wasu sassan ƙasar amma kisan bai kankama ba, saboda gwamnan lardin, Jean-Baptiste Habyalimana, ya tsaya kai da fata. Sai da aka tsige shi, shugaban riƙon ƙwarya ya je da kansa ranar 19 ga Afrilu ya yi jawabin zuga, aka kawo sojoji da 'yan sara-suka daga waje, sannan Butare ta zama mahauta. Shi ma gwamnan daga baya aka kashe shi. Da a jini abin yake, me ya kawo wannan wahala ta sauya gwamna da jigilar makasa?

Haka ma Siri Lanka. A watan Yulin 1983, bayan 'yan tawayen ƙabilar Tamil marasa rinjaye sun kashe sojoji 13, gungun da suka bi unguwannin Kolombo suna ƙona gidaje da shagunan Tamil suna riƙe da rajistar masu zaɓe. Ba a tsintar irin wannan takarda a titi, wani ne mai ofis ya fito da ita. Kafin nan kuma akwai dokar 1956 da ta mai da Sinhala, harshen masu rinjaye, harshen gwamnati shi kaɗai, ta toshe wa matasan Tamil ƙofar aikin gwamnati. Yaƙin bai ƙare ba sai 2009. A labarinku, mutanen da suka shiga unguwar 'yan kwari da dare sun san gidajen da za su ƙona ɗaya bayan ɗaya, sun tsallake na 'yan tudu. Madalla, haka ake yi. Amma wa ya rubuta musu jerin? A wane ofis aka buga shi? Wa ya biya kuɗin man motocin? Ina son in ga fuskar wannan mutum, in ji yadda yake gaisawa da maƙwabcinsa da safe.

Yawan ƙabilu shi kaɗai ba ya haifar da yaƙi. Tanzaniya tana da ƙabilu fiye da 120, ba ta taɓa yaƙin basasa ba. Somaliya kusan harshe ɗaya ce, addini ɗaya, amma tun 1991 ba ta gama farfaɗowa ba. Sarayebo, babban birnin Bosniya a tsohuwar Yugoslabiya, ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na hunturu a 1984, shekara takwas bayan nan maharba suna ɗauke masu ɗibar ruwa daga kan tsaunukan da aka yi wasannin. Tsakanin waɗannan shekaru akwai tattalin arziki da ya durƙushe, da kujerar marigayi shugaban Yugoslabiya Tito da ta rasa magaji, da Milosevic, jagoran Sabiyawa, da ya gano cewa tono yaƙin da kakanninsu suka yi da Turkawa a 1389 zai ba shi mulki a 1989.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne kowace ƙabila a labarin da baki ɗaya take magana. 'Yan tudu sun ce, 'yan kwari sun amsa. Ina ɗan tudun da ya ce shi ba ya yi? A zahiri irinsa ake fara kawarwa, kuma nasa ne suke kawar da shi. Firaministar Ruwanda, Agathe Uwilingiyimana, Hutu ce, kuma tana cikin na farkon da aka kashe, washegarin faɗuwar jirgin. Sai an rufe bakin masu sassauci na cikin gida sannan sauran jama'a suke ganin ba su da zaɓi. Marubucin da ya bar wannan ya bar rabin labarinsa, domin a nan tsoro yake, a nan jarumtaka take. Ina matar da mijinta ɗan wancan ɓangare ne, 'ya'yanta kuma ba su san layin da za su bi a shinge ba? An ambace ta a layi biyu a kashi na uku, ba a sake waiwayarta ba. In da ni ne, da ita zan ɗora wa labarin duka.

Wannan kuma ya shafe ku kai tsaye, ranka ya daɗe. A ƙasar da aka ƙaga babu jarida, babu rediyo, babu ko mai shela. Jita-jita kawai take tashi kamar daga ƙasa. A 2003 kotun duniya da ke zama a Arusha ta Tanzaniya a lokacin ta ɗaure mutum uku saboda abin da aka faɗa a rediyon RTLM da abin da aka buga a jaridar Kangura. Zai yi kyau jarida ta buga labarin da ke da edita a cikinsa, mutum mai iyali da bashi a wuya, wanda aka kawo wa kanun labari da ambulan, ya san ƙarya ne, ya duba agogo ya ce a tafi da shi. A yau ma ba sai an mallaki gidan rediyo ba, waya ɗaya da tsohon hoton gawarwaki daga wata ƙasa sun isa.

Na san za a ce min wannan adabi ne, ba darasin tarihi ba. Haka ne, kuma ba na neman a cika labari da shekaru da alƙaluma irin yadda na cika wannan wasiƙa. Ban kuma ce talaka ba shi da laifi ba. Maƙwabci ya sari maƙwabci da hannunsa, wani don tsoro, wani don gonar da ya daɗe yana hange, wani don kada a ce shi munafuki ne. In jini ya fara zuba, ƙiyayyar da aka ƙago tana zama ta gaske, wanda aka kashe wa uwa ba ya buƙatar rediyo ya zuga shi. Abin da nake cewa shi ne ƙagaggen labari yana iya shiga ɗakin da ɗan tarihi ba ya iya shiga. Shi zai iya zaunar da mu a taron dare inda mutum biyar suka yanke shawara, ya nuna mana wanda ya yi jinkiri da wanda ya matsa. In marubuci yana da wannan dama ya bar ta ya koma ga tsoho da tatsuniyar jini, ya yi asara.

Sannan ga maganar ciki da aljihu. Mayaƙan labarin nan ba sa cin abinci, harsashinsu ba ya ƙarewa, ba a san mai sayar musu ba. A Sudan ta Kudu, shugaba Salva Kiir ya sauke mataimakinsa Riek Machar a watan Yulin 2013, a Disamba faɗa ya ɓarke tsakanin dakarun fadar shugaban ƙasa a Juba, kafin a ankara an mai da shi na ƙabilunsu, Dinka da Nuwer, a ƙasar da kusan duk kuɗin gwamnati daga man fetur yake fitowa. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya ƙiyasta mutuwar mutum kusan 400,000, kuma kimanin rabinsu ba makami ne ya kashe su ba. Yunwa ce, da cuta, da asibitin da ma'aikatansa suka gudu. Mutuwar yaro da gudawa a sansanin 'yan gudun hijira ba ta da armashin fagen daga, shi ya sa marubuta suke tsallake ta.

Wani abu da na lura, marubucin yana ta ƙoƙarin raba laifi daidai wa daida. In 'yan tudu sun ƙona ƙauye a wannan mako, mako mai zuwa 'yan kwari za su ƙona ɗaya. Na gane tsoronsa, ba ya son a ce ya ɗauki ɓangare. Amma adalci ba ya nufin haka. A Srebrenica a watan Yulin 1995 maza da samari Musulmin Bosniya wajen 8,000 aka kashe, kuma an san waɗanda suka ba da umarni. Ana iya cewa kowane ɓangare ya aikata ta'asa ba tare da an ce nauyinsu ɗaya ba. Tunda ƙasar tasa ce, shi ya ƙage ta, ba wanda zai kai shi ƙara in ya bar laifi ya rinjaya inda ya rinjaya.

Yanzu ina hango inda aka dosa, kuma gabana yana faɗuwa. Saurayin tudu da budurwar kwari sun haɗu a asibitin sansani, da alama da ɗaurin aure za a rufe yaƙin. Don Allah a roƙe shi kada ya yi mana haka. Auratayya tana nan tun kafin yaƙi, ba ta hana shi ba. Yadda irin waɗannan yaƙe-yaƙe suke ƙarewa ba shi da daɗin ji, lissafi ne da ciniki. A Burundi, bayan sulhun Arusha na 2000 da Nelson Mandela ya jagoranta, tsarin mulkin 2005 ya raba kujerun majalisa kashi 60 ga Hutu, 40 ga Tutsi, ya kuma hana kowace ƙabila wuce rabin rundunar soja. Bosniya tun yarjejeniyar Dayton ta 1995 shugabanni uku take da su a kujera ɗaya. A Ruwanda kotunan gargajiya na gacaca sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012, kuma da yawa daga waɗanda suka amsa laifi sun koma zama kusa da iyalan waɗanda suka kashe. Ina son in ga teburin sulhun tudu da kwari, in ga madugun da ya kashe dubbai ya fito da kujerar minista, in ga abin da matar nan ta kashi na uku za ta yi ranar da ta gan shi a talabijin.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne kai kanka. A riƙa rubutawa a saman kowane kashi cewa ƙagaggen labari ne, ƙasar da mutanenta duka babu su. Na ga an yanko wurin shingen nan ana yawo da shi a waya ba take ba sunan marubuci, wasu har sun sauya sunayen ƙabilun da na gaske, ana tambaya a wane gari abin ya faru.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya ba mu zaman lafiya.

Naka,
Mai bibiyar shafin adabi