Arzikin Ƙarƙashin Ƙasa a Nijar: A Buɗe Wa Talakawa Littafin Lissafi

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan halin da Jamhuriyar Nijar take ciki, ganin yadda 'yan'uwanmu na arewacin Najeriya suke bibiyar labarinta tun daga ranar 26 ga Yulin 2023, lokacin da sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ni ɗan Nijar ne mazaunin Kano, kuma a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo abin da nake ji ana nanatawa shi ne Nijar ta sallami sojojin Faransa da na Amurka, ta karɓe ma'adinanta daga hannun Turawa, saboda haka kakar talakanta ta yanke saƙa. Kashin farko na wannan magana gaskiya ne, kuma ina cikin waɗanda suka yi murna da shi. Kashi na biyun ne nake ganin an yi gaggawar yanke hukunci a kansa.

Fushin da mutanen Nijar suke yi a kan yuraniyam yana da tushe. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a Akokan a 1978, kuma shekara da shekaru wannan ƙarfe yana cikin abin da ake kunna tashoshin lantarki na Faransa da shi, alhali har gobe mutanen Nijar da suke da wutar lantarki a gidajensu ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Da aka rufe COMINAK a watan Maris na 2021, an bar wa mutanen Akokan tulin sharar ma'adini mai guba da ta kai kimanin tan miliyan 20. A SOMAÏR, kafin watan Yunin 2025 kamfanin Orano na Faransa ne yake riƙe da sama da kashi 63 cikin 100 na hannun jari, sauran kuma na gwamnatin Nijar. Don haka da gwamnatin soja ta soke lasisin Orano na haƙar yuraniyam a Imouraren a watan Yunin 2024, sannan ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025, mutane da yawa sun ji an share musu hawaye.

Sai dai tarihinmu ya riga ya nuna mana cewa shigowar kuɗin ma'adini baitulmali ba ta isa ta fitar da mutane daga talauci ba. A ƙarshen shekarun 1970, zamanin mulkin Seyni Kountché, yuraniyam ya yi tsada, kuɗi suka shigo, aka shimfiɗa hanyar da ta tashi daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa Arlit, aka yi manyan gine-gine a Yamai, aka kuma ci bashi bisa tsammanin farashin zai dore. Da farashin ya karye a farkon shekarun 1980, bashin ya zauna, aka shiga tsuke bakin aljihu, manomin gero kuma yana nan inda yake, yana jiran damina.

Man fetur ya fi yuraniyam fito da abin da nake nufi, domin shi babu hannun Faransa a cikinsa. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne yake haƙo man Agadem, shi ne kuma babban mai hannun jari a matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Shi ne ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, wanda aka tsara zai riƙa ɗaukar ganga 90,000 a rana. Tun kafin jirgin ruwa na farko ya yi lodi, a watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga hannun kamfanin a matsayin kafin alƙalami, da kuɗin ruwa na kashi 7 cikin 100, za a biya da ɗanyen mai. Ana iya yi wa gwamnati uzuri da cewa takunkumin ECOWAS, wanda aka ɗage a watan Fabrairun shekarar, ya bar ta a shaƙe, kuma albashi ba ya jira. Amma wanda ya ci bashi da sunan jama'a, haƙƙi ne a kansa ya faɗa musu dalla-dalla inda kuɗin suka tafi. Sannan a watan Maris na 2025 ƙasar da take fitar da ɗanyen mai ta wayi gari da dogayen layuka a gidajen mai, saboda cire tallafi a Najeriya ya rage man da 'yan ruwa-ruwa, wato masu fasa-ƙwaurinsa, suke tsallakowa da shi, matatar Damagaram kuma ba ta iya wadatar da ƙasa ita kaɗai.

A nan ne damuwata take. Kundin tsarin mulkin 2010 yana da wani sashe, na 150, wanda ƙasashen Afirka kaɗan ne suke da irinsa. Ya wajabta a buga dukkan yarjejeniyoyin haƙar ma'adinai a jaridar gwamnati, tare da kuɗin da kowane kamfani ya biya, ɗaya bayan ɗaya. Dokar ma'adinai kuma ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shiga domin ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙa a cikinsu. Gwamnatocin farar hula ba su cika waɗannan dokoki yadda ya kamata ba, kuma ƙananan hukumomin jihar Agadas sun daɗe suna kukan bashin kasonsu, amma aƙalla ɗan ƙungiyar farar hula ko ɗan jarida yana da takardar da zai ɗaga ya ce ga abin da doka ta ce. Yanzu an jingine wannan kundi. A watan Afrilun 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. A watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da Janar Tiani na wa'adin shekara biyar. Babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki da za ta kira minista ta titsiye shi a kan kasafin kuɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dokar da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2024, wadda ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin bayar da kwangila da na binciken kuɗi. Kowa ya san ƙasar tana cikin yaƙi a Tillaberi da Diffa da sassan Tawa da Dosso, kuma babu mai hankalin da zai ce a bayyana wa abokan gaba sirrin soja. Amma a wannan ma'aikata ta tsaro ce binciken da ya fito a 2020 ya gano an yi sama da faɗi da kimanin sefa biliyan 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a daidai lokacin da ake kashe sojojinmu a Inates da Chinagodar. Kafa hukumar COLDEFF domin ƙwato dukiyar da aka sace a baya abu ne mai kyau, sai dai binciken na jiya ba zai tsare dukiyar yau ba idan an toshe ƙofar da mai bincike zai shiga.

Adalci ne a faɗi abin da gwamnati ta yi na sauƙaƙa wa jama'a. A 2024 ta rage farashin litar fetur zuwa sefa 499, ta kuma rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi. Talakawa su ma sun ba da nasu, domin asusun ceton ƙasa da aka kafa a 2023 yana samun kuɗi har daga katin waya da tikitin mota. Mutumin da ake cire wa kuɗi duk lokacin da ya sayi katin waya ya cancanci a faɗa masa nawa rijiyoyin Agadem suka kawo a wata.

Kada kuma hayaniyar ma'adinai ta mantar da mu inda mafi yawan 'yan Nijar suke samun abinci. Kusan mutum takwas cikin goma noma da kiwo suka dogara da su, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Arzikin waɗannan mutane shi ne albasar Galmi, da waken Maraɗi da Damagaram, da tattasan Diffa, da shanu da ragunan da ake kaiwa kasuwannin Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari. Duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa tukunyarsu. Sun ɗanɗana kuɗarsu lokacin takunkumi, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar take amfani da shi, matakin da har yau nake ganin zalunci ne a kan marasa laifi. Amma bayan an ɗage takunkumin, gwamnatinmu ce da kanta ta ci gaba da rufe gadar Gaya da Malanville, kayan da a da suke zuwa daga Kwatano suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuma mai saye a kasuwa ne yake biyan kuɗin wannan zagaye. A watan Oktoban 2024 an hana fitar da hatsi da wake zuwa ko'ina in ban da Mali da Burkina Faso. Mazauna birni sun ji daɗin saukar farashi, amma manomin wake da babbar kasuwarsa take Najeriya shi ya ɗauki asarar.

Madatsar ruwan Kandadji ita ce aikin da ya kamata kuɗin mai su fara zuwa gare shi. Tun 2008 marigayi Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashinta a kan Kogin Kwara, da nufin samar da megawat 130 na lantarki da shayar da kadada 45,000 na noman rani, amma kamfanin Rasha da aka fara ba aikin ya gaza, na Sin ya karɓa a 2019, sannan juyin mulki ya sa masu ba da rance suka dakatar da kuɗi.

Roƙona ga mahukuntan Yamai bai fi ƙarfinsu ba. Tunda sabon kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, a fara amfani da wannan matsayi a kan lissafin dukiya. Duk bayan wata uku a buga yawan gangar man da aka sayar, da tan nawa na yuraniyam da zinariya aka fitar, da wanda ya saya, da farashin, da abin da ya rage na bashin CNPC, da kason da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa, a kuma karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, yadda wanda bai yi boko ba zai ji da kunnensa. A kuma saki 'yan jarida da 'yan ƙungiyoyin farar hula da ake tsare da su saboda abin da suka faɗa, domin su ne za su duba ko alƙaluman sun yi daidai.

Ku kuma, ya Edita, ina roƙonku da ku tura wakilanku Arlit da Galmi da Gaya, su zauna da ma'aikatan haƙar ma'adinai da manoman albasa da direbobin manyan motoci, su kawo wa masu karatu abin da suka ji daga bakinsu.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Nijar mazaunin Kano