Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa: tara ra'ayi ba bincike ba ne

Ranku ya daɗe, muna gaisuwa tare da fatan alheri.

Mu malamai ne masu koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, a kwalejojin ilimi na Arewa, kuma mu ne ke duba furojet ɗin ɗaliban NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, na ajin ƙarshe. Abu ɗaya ne ya sa muka rubuto muku. Abin da ake kira bincike a sassanmu ya koma tara ra'ayin jama'a a takarda, ana yaye malamai da shi kowace shekara, ana yi wa malaman kwaleji ƙarin girma da shi, kuma ba mu ga wani mataki daga sama na dakatar da shi ba. Tun 1989 da aka kafa hukumarku, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar, ita ke turo tawagar tantancewa. Don haka ƙofarku ce ta dace mu ƙwanƙwasa.

Ku shiga ɗakin ajiya na kowane sashen ilimi, ku zaro furojet goma daga kanta. Taken kusan iri ɗaya ne: tasirin abu kaza a kan ƙoƙarin ɗalibai a ƙaramar hukuma kaza. Babi na uku zai ce an duba jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, mai nuna yawan mutanen da za a tambaya, an ɗauki mutum 278 ko 384. Sai takardar tambayoyi mai jimla ashirin, kowace da zaɓi huɗu, daga na yarda ƙwarai mai maki 4 zuwa ban yarda ba sam mai maki 1. A babi na huɗu a fitar da matsakaicin maki, duk jimlar da ta kai 2.50 a ce an amince da ita, a babi na biyar a ba gwamnati shawara, a ɗaure da baƙin bango.

Ga inda abin ya lalace. Taken ya yi alkawarin gano sanadi, amma abin da aka tattaro ra'ayi ne. Ɗauki ɗalibar da ke son sanin ko talla na hana 'yan mata karatu. Ta raba wa malaman firamare takarda, sun ce eh yana hanawa, ta rubuta cewa bincike ya tabbatar. Ba ta buɗe rajistar aji ta ƙirga kwanakin da yarinya mai talla ta yi fashi ba. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ta rubuta ƙarfe nawa yarinyar ke isowa ba. Ba ta ba ta sakin layi ɗaya ta karanta ba, balle ta kwatanta ta da 'yar ajinsu da ba ta talla amma gidajensu ƙarfinsu ɗaya. Abin da ta gano kawai shi ne malamai sun yi imani da abin da kowa ya riga ya yi imani da shi. Gani ya kori ji, amma mun horar da ɗalibanmu su tattara ji su bar gani, alhali yaran suna zaune a gabansu.

Ita kanta takardar tambayoyin tana da cututtuka da duk wanda ya karanta awon halayya ya sani. Jimlolin duka fuska ɗaya suke kallo, kuma mutumin da baƙo mai ilimi ya miƙa wa takarda ya fi saurin cewa na yarda, saboda kunya da girmamawa. Shi ya sa da wuya ka ga jimlar da ta faɗi ƙasa da 2.50. Maganin shi ne a juya wasu jimlolin su kalli ɗaya fuskar, a juya makinsu wajen lissafi, amma kaɗan ne ke yi. Sannan takardar da Turanci ake rubuta ta, a kai wa ɗan ƙaramar sakandare ko mahaifiyarsa, sai ɗalibin ya riƙa fassarawa da baki, yau ya faɗa haka, gobe ya faɗa daban. Mutum ɗari uku sun amsa, amma ba tambaya ɗaya suka amsa ba. Gwajin inganci kuwa mutum ashirin ake ba, a fitar da adadin Cronbach ya wuce 0.7, a ce takarda ta yi kyau. Wannan adadi yana nuna jimlolin suna tafiya tare ne kurum. Bai ce sun auna abin da ake nema ba.

Ba ɗalibai kaɗai ba ne. Maƙalolin malamai da yawa a kan wannan sawu suke, domin wajen ƙarin girma yawan maƙala ake ƙirgawa, kuma akwai mujallun da kuɗin bugawa kaɗai suke dubawa.

Tushen matsalar, a ganinmu, shi ne babu inda ake zama a tattauna tambayar bincike kafin a fita. Ɗalibi ya kawo take uku, malamin da ke riƙe da ɗalibai masu yawa ya sa hannu a ɗaya, shi ke nan. Malamai ma ba sa kawo tambayoyinsu gaban abokan aiki a tsefe su. Da za a zauna, tambaya biyar sun isa su kashe mummunan take cikin minti goma: wa za a auna, me za a auna a jikinsa, da wane ma'auni, da wa za a kwatanta shi, kuma wane sakamako ne idan ya fito zai nuna hasashenmu kuskure ne. Take mai cewa tasirin tarbiyyar gida a kan karatu ba zai tsallake ta biyu ba.

Kada a ce rashin kuɗi ne. Gwaje-gwajen da muke karantarwa a darasin girman yaro da darasin yadda ɗan Adam ke koyo ba sa buƙatar ɗakin gwaji. Gwajin adadin ruwa na Piaget, masanin girman tunanin yaro, kofi biyu masu kama ɗaya yake buƙata, da na uku dogo siriri. A zuba ruwa daidai a biyun, yaro ya yarda daidai suke, a juye ɗaya cikin dogon yana kallo, a tambaye shi ko har yanzu daidai suke, sannan a nemi dalilinsa a rubuta kalmominsa yadda ya faɗa. Na lissafi kuwa murafen kwalba goma sha huɗu ne, a jera layi biyu, a baje ɗaya. Ɗalibanmu suna haddace cewa yaro na gane wannan wajen shekara bakwai, su rubuta a jarrabawa, su fita ba su taɓa gwada yaro ko ɗaya ba. Kuma wurin da gwajin ke ɓaci ya fi gwajin kansa koyarwa. Idan babba ya maimaita wa yaro tambaya ɗaya sau biyu, yaron na iya zaton amsarsa ta farko ce ba ta yi ba, sai ya sauya, musamman a gidajenmu da ba a saba yi wa babba musu ba. Saboda haka sai a raba yaran gida biyu, rabi a tambaye su sau biyu, rabi sau ɗaya bayan an juye ruwan, a ga ko akwai bambanci. Shekarun yaro ma sai an bi a hankali, domin wanda ba shi da takardar haihuwa ƙiyasi ake yi masa. Tun 1961 Price-Williams ya yi irin wannan gwaji da yaran Tibi a tsakiyar Nijeriya. Shekara sittin da ɗoriya bayan haka, kwalejojin da ke zagaye da makarantun firamare ba su da tarin bayanai irin wannan a kan yaran Hausawa da Fulani da Barebari da za mu koyar da shi.

Haka batun tuna karatu. Tun 1885 Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa ke saurin cin abin da aka haddace, kuma a 2006 Roediger da Karpicke suka nuna cewa wanda aka sa ya tuno karatu daga ka ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. Ɗalibi mai koyarwar gwaji zai iya jarraba wannan a ajinsa. Ya rubuta sunayen yara a takardu ya yi ƙuri'a, kada ya ɗauki aji A da aji B, domin malamansu daban ne kuma wani lokaci an ware masu ƙoƙari a aji ɗaya. Rukuni ɗaya su karanta gajeren labari sau huɗu, ɗayan su karanta sau ɗaya su rufe su rubuta abin da suka tuna sau uku, lokacin da aka ba su ya zama daidai. Bayan kwana bakwai a gwada kowa, kuma mai ba da maki kada ya san rukunin da takarda ta fito. Mu da muke da tsangaya, inda alarammomi suka daɗe da sanin tsarin hadda da tilawa da bitar baya, mun fi kowa dalilin tambayar tazarar kwana nawa tsakanin bita da bita ta fi tsare hadda. Ba mu tambaya ba. A Bauchi da Sakkwato an yi amfani da gwajin karatu na EGRA da Hausa, inda ake ƙirga haruffa da kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Agogo da takarda kawai yake ci. Me ya hana kowane ɗalibin NCE ya iya shi kafin ya karɓi shaidarsa?

Akwai iyakar da ɗalibi ɗaya ba zai wuce ba. Don a gano bambanci mai matsakaicin girma tsakanin rukuni biyu da tabbaci mai kyau, ana buƙatar wajen yara 64 a kowane rukuni. Aji ɗaya ba lallai ya ba da haka ba. Amma ɗalibai goma, kowa da yara 30, a kan tambaya ɗaya da ma'auni ɗaya, sun ba da 300. Kwalejoji biyar suka haɗu, an sami abin da za a iya dogara da shi. Wannan haɗin ba malami ɗaya zai ƙulla shi ba, sai hukuma.

Kuma duniya na jiran irin wannan aiki. A 2008 Arnett ya duba manyan mujallun saikoloji ya ga kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. A 2015 masana suka sake gwada bincike 100 da aka buga, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Wato littattafan da muke karantarwa an gina su a kan yaran wasu, kuma wani ɓangare nasu bai tsaya da ƙafarsa ba ko a can. Har yau a takardun lakca ana raba yara zuwa masu koyo da ido da masu koyo da kunne, a ce a koyar da kowa ta hanyarsa, alhali bitar da Pashler da abokansa suka yi a 2008 ba ta sami hujjar da ta isa ta goyi bayan hakan ba. Malamin da bai taɓa gwada wata magana da hannunsa ba, ba zai san yadda zai yi shakkar ta ba.

Ranku ya daɗe, muna tuna muku cewa a 2023 aka sa hannu a dokar da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da NCE. An yi murna, mu ma mun yi. Amma idan furojet ɗin digiri zai zama wannan takardar ta 2.50 da aka ƙara wa shafuka, to suna kawai aka sauya. An sake duba mafi ƙarancin ƙa'idojin NCE a 2012, an sake a 2020, darasin hanyoyin bincike yana nan a ciki, amma abin da ke kan kanta bai canja ba. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ware wa kwalejojin ilimi kashi ɗaya cikin huɗu na rabonta, kuma akwai tallafin bincike na cikin makaranta. Don Allah kada a ci gaba da kashe shi wajen buga takardun ra'ayi. Yaran da ke zaune a ƙasa a firamare, waɗanda suka kai aji uku ba su haɗa baƙi ba, malamansu daga hannunmu suka fito, kuma wannan yana damun mu ƙwarai.

Akwai batun izinin iyaye da ɓoye sunan yaro, wanda yawancin furojet ba sa ko ambata. Akwai yawan ɗaliban da ake jibga wa malami ɗaya, da cinikin tsofaffin furojet a shagunan kwamfuta. Duka suna buƙatar kulawa, amma za su ragu idan aka gyara yadda ake yin binciken kansa, domin bayanan da aka auna a takamaiman aji cikin takamaiman lokaci suna da wuyar saye.

Abin da muke roƙo bai wuce ikonku ba. Ku sa a ƙa'ida cewa kowane sashen ilimi ya riƙa zaman tattauna tambayoyin bincike sau biyu a zango, malamai su fara kawo nasu kafin na ɗalibai, a ajiye rubutaccen bayanin abin da aka karɓa da abin da aka mayar da dalili. Ku hana sa kalmar tasiri a take sai in an kwatanta rukuni da rukuni ko an auna kafin da bayan. Ku tara malaman saikoloji na shiyya-shiyya sau ɗaya a shekara su zaɓi tambaya biyu ko uku da kwalejoji za su yi tarayya a kai, su samar da ma'aunai da Hausa da Fulatanci da Barbarci, wanda mutum ɗaya zai fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, a daidaita saɓanin, a gwada a kan yara kafin a raba. A ajiye su inda kowane malami zai sauke kyauta. Idan tawagar tantancewa ta zo, ta zaro furojet biyar da ƙuri'a, ta nemi ganin ainihin takardun da yara suka yi aiki a kai, ta kira ɗalibi ɗaya ta ba shi kofi uku da ruwa ya gwada yaro a gabanta.

Muna roƙon a sanya wannan a ajandar taronku na gaba da shugabannin kwalejoji, kuma takardar umarni ta iso sassa kafin ɗaliban bana su fita koyarwar gwaji, domin a lokacin ne suke da aji da yara a hannunsu.

Wassalam.

Daga wasu malaman ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejojin ilimi na Arewa.