Wasiƙa daga Abijan zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum. Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ka gaida Inna da kyau, ka gaida Kawu da Gwaggo, da mai ɗakina da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Ina gajiyar girbi?

Na aiko da jika 75 da sunanka, sai ka je Tawa da katin ɗan ƙasa ka karɓa. Jika 50 na hatsi ne, hatsi kawai. Ka saya yanzu da kaka tun tiya ba ta hau ba, a zuba a rumbun Inna a liƙe, kada a taɓa sai damina ta faɗi. Jika 10 na maganin ƙafar Inna, 10 ka ba mai ɗakina a hannunta, ba ta hannun kowa ba. Sauran 5 a biya lanho, abin da ya rage a sai wa yara littafi da alli.

Ni lafiyata lau. Ina nan Abobo wurin garbar da ka sani, inda ake sayar da acake, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, ina suyar kifi tun asuba har la'asar. Mutanen nan ba su gajiya da acake da kifi, kuma kusan duk rumfar garba da ka shiga ɗan ƙasarmu za ka tarar. Mu shida ne a ɗaki, duk 'yan Adar, kwanon na ɗan yoyo idan an yi ruwa amma ba wani abu ba ne. Mai ya ɗan fallatso mini a hannu, ya warke. Kada ka gaya wa Inna.

Abin da ya sa ban jira waya ba na zauna na rubuta shi ne maganar Auta. Wani ɗan garinmu da ya sauka makon jiya ya ce mini Auta ya sa tunkiyar Inna a kasuwar Badagishiri, wai yana haɗa kuɗin mota zuwa Agadas, daga can Libiya ko Aljeriya. Yaya, da gaske ne? Kana gida haka ta faru? Ya manta yadda Kawu ya dawo a 2011 da aka kashe Gaddafi, daga shi sai rigar wuyansa? Waɗanda Aljeriya ke korowa kuwa a tsakiyar hamada ake zubar da su, su taka wajen kilomita 15 da ƙafa kafin su kai Asamaka. Yaron da ko gemu bai fito masa ba!

Daren da na ji maganar ban yi barci ba, sai na kama ƙirga gidajen unguwarmu, tun daga masallaci har bakin rijiya. Gidan liman 'ya'ya uku suna waje. Gidan maƙera saura tsoho shi kaɗai, ba mai busa masa zuga-zugi. Gidan da ke bayan namu an jingine ƙyaure da ƙaya. Da rani in ka shiga garinmu ba ka ganin kowa sai tsofaffi a gindin bedi, mata a layin rijiya da jarkoki tun kafin kiran assalatu, da yara birjik kamar fara. Ka tuna rasuwar Baba, sai da aka aika ƙauyen gaba kafin a sami masu haƙa kabari. Ka tuna kuma masu ƙidaya da suka zo a watan Disamba na 2012, suna tambayar ina mazan gari, Gwaggo ta ce musu su bi hanyar Kwanni za su gan su. Aka ce mu miliyan 17 ne a Nijar lokacin. Haihuwa ba ta tsaya ba, kowane wata da suna, amma gonar da Baba ya noma shi kaɗai yau baki nawa ke jiranta? Abin da muke girbewa ba ya kai mu wata shida.

Na san abin da Auta zai ce: kai da ka tafi fa? Yana da gaskiya. Shekarata huɗu rabona da gida, ƙaramar ɗiyata a hoto na san ta. Amma da bida na ne aka yi wa ɗakin Inna kwano, da shi aka sayi jaki da amalanke, ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarmu bin bashi tun da na fito. In shi ma ya tafi, wa zai haƙa tassa, ramukan nan na tara ruwa da taki, a fakon nan na gabas, wa zai kai taki? Kai kaɗai da bayanka mai ciwo? In kuɗi yake so ya je Galmi aikin albasa, ya yi wata uku ya dawo kafin shuka. In ya yi haƙuri, baɗi idan Allah ya kai mu zan taimaka masa da rabin kuɗin moto ya yi kabu-kabu. Ka gaya masa haka a gaban Kawu, kuma ya maido da kuɗin tunkiya.

Na ji an ce lakwal ba ta buɗe da wuri ba saboda ba a gama rumfar kara ba. Ko ma mene ne, kada a cire babbar ɗiyata a ce ta tsaya ɗiban ruwa, kuma duk wanda ya zo da zancen aurenta a ce ubanta bai dawo ba.

Ina marmarin furar Inna, wallahi. Nan ko ka sami nono ba irin namu ba ne.

Maganar kuɗin nan dai, Yaya: jika 50 hatsi. Ba biki, ba rance, ko Kawu ne ya tambaya ka ce ni na hana. Idan ka karɓa ka hau tudun makaranta inda rezo ke kamawa ka yi mini bif, ni zan kira, kuma Auta ya kasance kusa da kai.

Ƙanenka.