Zuwa ga Abba, kafin ka hau jirgin Jamus

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta ce mini biza ta fito, kuma wai kana ƙorafin garin da jami'ar take ƙarami ne, ba Berlin ba. Ka san ba na iya doguwar magana da kai a waya, shi ya sa na zauna bayan asuba na rubuta maka wannan.

Ni ma ƙaramin gari rabona ya kai ni. Na sauka Marburg a ƙarshen 1998, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Frankfurt, da akwati ɗaya da rigar sanyin da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai, wadda ta ishi hunturun Kano amma na can ya mai da ita tsumma. Garin a jikin tudu yake, kogin Lahn na bi ta gindinsa, fadar sarakunan dā tana can ƙoli. Duk inda ka nufa matakala ce, har lif aka yi wa masu hawa tsohon gari. Gidajen kuwa na katako ne da aka cike tsakaninsa da laka, wasu sun karkata kamar tsofaffin da suka gaji da tsayuwa, amma ba wanda ya taɓa su. Yaƙin Duniya na Biyu da ya baje birnin Kassel bai yi wa wannan unguwa ɓarna mai yawa ba. Ina kallon su ina tuna sorayen cikin birni da muke rushewa da hannunmu mu jera bulo.

An kafa jami'ar garin a 1527. A fadar nan ta sama, a 1529, manyan malaman Kirista biyu, Luther da Zwingli, suka zauna don su daidaita; suka yarda a kan batu 14, suka rabu a kan na 15. Ka ga saɓanin malamai ba a kanmu aka fara ba.

Duk wannan daga baya na san shi, don watannin farko a ɗaki na ƙone su. Azumin shekarar a Disamba ya kama, ana shan ruwa kafin huɗu da rabi na yamma. Ban taɓa yin azumi mai sauƙi haka ba, ban kuma taɓa yin mai ɗaci kamarsa ba: babu kiran salla, babu yara masu tashe, babu kwanon ƙosai daga maƙwabta. Ni da shayi da burodi da bango.

Mai gidan da nake haya tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana zaune a ƙasa ni ina sama. Ba ta yi mini magana, sai dai ta turo takarda ta ƙasan ƙofa. Yau na zuba kwalba a kwandon takarda, gobe na kunna rediyo bayan goma na dare, jibi ƙarar tukunyata ta sahur ta tashe ta. Na yanke a raina cewa baƙar fatata ce ba ta so, na daina gaishe ta. Ni da na tashi a gidan da ko almajiri ya shigo sai an ce masa sannu! Ana cikin haka zazzaɓi da mura suka kwantar da ni. Rana ta biyu na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, riƙe da butar shayin ganye da zuma, ta hau matakala da gwiwarta mai ciwo. Da ɗan Jamusancin da nake ji na gane tana cewa asuba biyu ke nan ba ta ji tukunyata ba. Abba, kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

Daga nan duk Lahadi da la'asar ina sauka mu sha gahawa. Na faɗa mata abin da ba na ci, ta daina sa giya a kek ɗinta ba tare da wata gardama ba. A teburin nan na koyi yarensu fiye da yadda na koya a aji, don ita ba ta ɗaga ƙafa, kowane kuskure sai ta gyara. Ba na ce maka babu masu ƙin baƙo ba. Akwai, za ka zauna a bas kujerar kusa da kai ta daɗe ba kowa. Amma kafin ka lissafa mutum cikinsu, ka gaishe shi sau uku tukuna, da yarensa.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne makafin garin. Tun 1916 aka buɗe musu makaranta saboda sojojin da suka rasa ido a yaƙi, har fitilun tsallaka titi ƙara suke yi dominsu. Wata rana na ɓata a lungunan tsohon gari, wani ɗalibi makaho ya ce in biyo shi, yana buga sandarsa a dutsen hanya, ya kai ni har ƙofar da nake nema. Na tuna makafinmu da ƙoƙon bara, na rasa abin cewa.

Da ka isa, ka je ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari cikin mako biyu, doka ce. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, sai ka yi cefane tun Asabar. Ka nemi inda ake Juma'a tun makon farko, ko ɗaki ɗaya ne a bayan shago. Amma kada ka maƙale da 'yan gida kaɗai kuna cin tuwo kuna zagin sanyi har shekara ta wuce.

Mahaifiyarka ta haɗa maka kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Na hana ta sa kilishi, ba a shiga da nama Tarayyar Turai a kayan matafiyi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka biyo ta gida ka yi wa kakarka sallama kafin ka wuce Abuja, tana ta tambaya.

Allah ya tsare hanya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.