Masu Zuwa Zanzibar: A San Gefen Tsibiri Kafin a Biya Kuɗin Masauki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwa masu shirin tafiya hutu Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, musamman angwaye da masu iyali, waɗanda ake ta tallata musu wurin a Instagram da Facebook. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai ga hoton ɗaki da farin rairayi da shuɗin ruwa, ya tambayi farashi, ya tura kuɗi, alhali bai tambayi a wane gefen tsibirin masaukin yake ba. A Zanzibar kuwa wannan tambaya ta fi ta farashi nauyi, kuma wanda ya tsallake ta ya sayi kifi a ruwa.

Babban tsibirin, wato Unguja, tsawonsa kimanin kilomita 85 ne, amma halin tekun gabas dabam ne da na arewa. A garuruwan gabas irin su Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, bakin tekun shimfiɗaɗɗe ne marar zurfi, saboda haka idan ruwa ya janye, wanda hakan na faruwa sau biyu a kowace rana, yakan ja baya ɗaruruwan mita, har baƙo ya fito daga ɗakinsa ya hangi tekun can nesa. A wannan lokacin ne matan garin ke shiga fili da zannuwansu, suna duba ciyawar teku da suka ɗaura a igiyoyi tsakanin turaku, suna cika buhu da wadda ta isa girbi. Abin kallo ne ƙwarai, kuma mai son natsuwa da tafiyar safe zai ji daɗinsa, sai dai wanda ya zo da yara domin su yi wanka a ruwa zai zauna jira, kuma lokacin cikowar ruwan yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Akwai kuma halittun ruwa masu ƙaya a tsakanin duwatsu, don haka ba a shiga babu takalmi. Duk mai kama masauki a wannan gefe ya tabbatar akwai wurin ninkaya a cikin otal ɗin.

A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya nisa da gaɓa, ana iya iyo kusan kowane lokaci, kuma shi ya sa baƙi suka fi cika can. To amma cikar tana zuwa da kiɗa har tsakar dare, Kendwa ma ta yi suna da casun da ake yi duk cikar wata. Magidancin da zai je da iyalinsa ya kamata ya tambayi nisan ɗakinsa da mashaya, ya kuma sani cewa daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume zuwa Nungwi tafiyar fiye da sa'a ɗaya ce a mota, wadda sau da yawa kuɗinta ba ya cikin kuɗin ɗaki.

Ni a ganina bai kamata Musulmi ya je Zanzibar ya dawo bai kwana ko da dare biyu a tsohon birni ba, wanda masu gari ke kira Mji Mkongwe, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A can ne ake jin kiran salla daga ko'ina, ake ganin ƙofofin katako masu sassaƙa, ake cin abincin dare a dandalin Forodhani. Sai dai yawancin masaukan tsofaffin gidaje ne masu matattakala mai tsayi, lungunan kuma mota ba ta shiga, saboda haka mai tafiya da dattijuwa ko mai juna biyu ya nemi ɗaki a ƙasa, kusa da titi.

Game da araha kuma, idan aka ga farashi ya faɗi warwas a watan Afrilu ko Mayu, to lokacin babbar daminarsu ce, wadda ke farawa tun Maris, har wasu otal-otal sukan rufe. Haka nan tsarin da ake haɗa ɗaki da ci da sha a farashi guda: a manyan otal-otal kuɗin giya na cikin lissafin, wanda ba ya sha kuwa ya biya abin da ba zai taɓa ba. Ya fi masa ya kama ɗaki da karin kumallo kawai, ya ci kifi da shinkafa a gari. A ƙananan masaukai kuma a tambayi gidan sauro da janareta da na'urar sanyaya ɗaki a rubuce.

Akwai kuɗaɗen da talla ba ta faɗa. Tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44, ga kuma harajin da ake karɓa a otal kan kowane dare, ga katin rigakafin cutar shawara da ake buƙata daga matafiyan ƙasashenmu. Tunda biza tana iya ɗaukar lokaci, kada a biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai ta fito.

Ina kira ga kamfanoninmu masu shirya tafiye-tafiye da su riƙa rubuta sunan garin da masaukin yake a jikin kowace talla, tare da watan tafiya da abin da kuɗin ya ƙunsa, maimakon kalmar Zanzibar kaɗai a kan hoto.

Na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka wannan jarida.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano