Wasiƙa zuwa ga aminina kan mayar da ƙaramar motarsa mai lantarki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya ƙoƙari? Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, hotunan motar ma na gan su, kuma na yi murna ƙwarai da ka samu Mazda MX-5 ta farkon fitowa, mai fitilun nan da ke ɗagowa daga cikin bonet, irin tawa sak. Tunda injinta ya riga ya buga, babu wani abin tausayi a cire shi. Sai dai kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka duba ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, musamman dab da tayoyin baya, domin nan tsatsa ta fi cin irin waɗannan motoci. Idan wurin ya ruɓe, a fara da walda, maganar lantarki ta jira.

Abu ɗaya ne a cikin saƙon naka ya hana ni sakat, shi ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa. Ka ce kana son batirin da zai kai ka kilomita 400 a caji ɗaya. Don Allah ka sake tunani. Wannan motar ba ta da wani abin taƙama da ya wuce rashin nauyi. Da ta fito a 1989, injinta mai lita 1.6 ne, ƙarfin doki 115 kacal, abin da motocin gida da yawa suka fi shi. Amma nauyinta bai cika tan ɗaya ba, kuma an raba shi kusan daidai tsakanin gaba da baya, tayoyin baya ne ke tura ta. Shi ya sa idan ka murɗa sitiyari take bin hannunka nan take, shi ya sa mutane suka so ta. Duk kilon da ka ƙara mata, daga wannan daɗin kake ragewa.

Bari mu yi lissafin tare. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 9, nauyinta kuwa bai kai kilo ɗaya ba. Tankin motarka lita 45 ne, wato wajen kilowat-awa 400 ke nan a cikin man da nauyinsa bai wuce kilo 35 ba. Gaskiya ne injin fetur mai ɓarna ne, kusan kashi uku cikin huɗu na wannan makamashin zafi yake zama ya fice ta lagireto da salansa, alhali injin lantarki yana mayar da wajen kashi 90 cikin 100 na abin da aka ba shi zuwa juyi. Duk da haka tazarar tana da yawa. Ƙunshin batir ɗaya na Tesla Model S, irin wanda masu wannan aiki suka fi nema a hannun masu kwance motocin da suka yi hatsari, yana ɗaukar kusan kilowat-awa 5.3, nauyinsa kilo 25. Ƙaramar mota kamar tamu tana shan wajen kilowat-awa 15 a kowane kilomita 100 idan ba gudu ake zubawa ba. Kilomita 400 na nufin kilowat-awa 60, ƙunshi 11 ko 12, kilo 300 kafin ka ƙara akwatunan ƙarfe da kebul da bututun sanyaya su. Kusan sulusin nauyin motar ke nan za ka ɗora mata, kuma ba ka da inda za ka sa su sai ka cika but har baki, ka jibga sauran a sama cikin bonet.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga wannan lissafin ba. Lotus Elise da ta fito a 1996 nauyinta kilo 725 ne ko kusa da haka. Tesla ta gina motarta ta farko, Roadster ta 2008, a kan tsarin Elise ɗin, ta sa mata ƙananan ƙwayoyin batir 6,831 masu ɗaukar kilowat-awa 53, batirin kaɗai ya kai wajen kilo 450, motar kuma ta haura kilo 1,200. Su suna da injiniyoyi da masana'anta, sun tsawaita shasin, sun sake kusan komai don ya ɗauki nauyin. Kai da ni gareji muke da shi da jak da sufana.

Ni ƙunshi biyar na sa wa tawa, kilowat-awa 26 da 'yan kai, kilo 125. Uku suna gaba, ƙasa-ƙasa kuma can baya kusa da bangon da ya raba injin da mazaunin direba, biyu suna inda tankin mai yake a da, bayan kujeru. Da ka cire injin da lagireto da salansa da tanki da man cikinsa, ka mayar da injin lantarki da inbata (na'urar da ke sarrafa wutar batir ta ba injin) da caja da waɗannan batura, za ka ga motar ta ɗan ƙara nauyi amma ba ta tashi daga halinta ba. Tana ba ni abin da ya haura kilomita 150, cajar cikinta mai kilowat 3.3 kuma tana cika ta cikin dare ɗaya. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, yaushe rabon da ka yi tafiyar kilomita 400 a mota mai kujera biyu da rufin tamfol? Motar fita shan iska ce da zuwa aiki. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, a nan kuwa wahalar a kan birki da sifirin da tayoyi za ta sauka.

Inda za ka ajiye nauyin ya kusan kai yawansa muhimmanci. Ka samu sikeli ka auna abin da kowace taya take ɗauka tun motar tana da injinta, ka rubuta, domin shi ne ma'aunin da za ka riƙa komawa gare shi. Kada ka sa batir a gaban aksul na gaba ko a bayan na baya, komai yadda wurin ya ba ka sha'awa don faɗinsa. Nauyin da ke can ƙarshen mota shi ke sa ta jinkirin shiga kwana, idan kuma bayanta ya zame, ya yi wuyar dawowa. Ga kuma hatsari: gaba da baya su ne wuraren da aka ƙera don su lotse idan an yi karo, ba ka son batir a nan.

Game da giyabos, shawarata ka bar shi. Na san wasu suna cirewa su haɗa injin lantarki kai tsaye da farfela, amma a MX-5 akwai wani dogon ƙarfen alminiyom da ya ɗaure giyabos da dif na baya, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya biyu, ya mayar da su abu guda, idan ka cire giyabos sai ka ƙirƙiro abin da zai riƙe wannan ƙarfen. Barinsa ya fi sauƙi, kuma yana ba ka damar zaɓen giya. Yawanci a giya ta biyu ko ta uku za ka wuni, ba ka ma bukatar taka kuloci idan za ka tsaya, tunda injin lantarki ba ya mutuwa. Aikin da ya fi cin rai a nan shi ne farantin da zai haɗa injin da giyabos. Dole tsakiyar sandar injin ta dace da tsakiyar sandar giyabos, kuskuren rabin milimita ma ya yi yawa, zai riƙa cin boris a hankali har wata rana ka ji kuka daga ƙasa. Wannan ba aikin ido da tef ba ne. Ka kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe wanda ya san aikinsa, bayan an ɗaura kuma ka sa agogon awo ka juya sandar da hannu kana kallon allurar. Ranar da na yi nawa, allurar ta zagaya tana ɗan rawa kaɗan ta dawo inda ta taso, sai da na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Ka kuma sani ƙarfin juyin injin lantarki yana zuwa ne gaba ɗaya tun daga tsaye. Injin fetur ɗin da za ka cire yana ba da wajen nitan-mita 135, kuma sai ya ɗau zafin gudu tukuna. Na Nissan Leaf ta 2010, idan shi ka zaɓa, yana ba da 280 da ka taɓa totur. Dif ɗin da ke motocin lita 1.6 ƙarami ne, sai a 1994 da aka koma lita 1.8 aka sa mafi girma. Saboda haka ka rage ƙarfin a saitin inbata, ka sa ya riƙa hawa a hankali. Haka birkin da ke mayar da wuta cikin batir idan ka saki totur: tayoyin baya kaɗai yake kamawa, idan ka sa shi da ƙarfi, ranar ruwa a kan kwana bayan motar zai iya sulluɓewa. Ka sa shi sama-sama. Batun Leaf kuma, injinta yana son bolt 360 ko kusa da haka, ƙunshi biyar irin nawa kuwa bolt 114 suke bayarwa, don haka zaɓen inji da zaɓen batir tare ake yin su.

Akwai ƙananan abubuwan da injin fetur yake yi maka kyauta ba ka lura ba sai ya tafi. Birki yana samun taimako daga iskar da injin ke zuƙa, yanzu sai ka sa ƙaramin famfon lantarki da ɗan tanki, in ba haka ba feda za ta yi tauri. Altaneta ta tafi, sai na'urar da ke rage wutar babban batir zuwa bolt 12 don fitilu da waifa da ƙaramin batir, wanda shi yana nan ba a cire shi. Hita ma da ruwan zafin inji take aiki, sai ka nemi ta lantarki don goge raɓar gilashi. Famfon sitiyari ni ban mayar ba, motar ba ta da nauyin da zai sa ka bukace shi.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan, kuma ina roƙonka ka karanta ta sau biyu. Wutar batir da ta wuce bolt 60 ana lissafa ta cikin mai hatsari ga rai, kuma batir ba shi da makunnin da za ka kashe daga bango, kullum a kunne yake. Ƙunshi ɗaya bolt 23 ne kawai, amma sufana ta faɗa tsakanin kawunansa biyu, za ta narke ta watso maka ƙarfe a fuska. Ka naɗe kayan aikinka da tef, ka cire zobe da agogo, ka sayi safar hannu ta masu aikin wuta mai jure bolt 1,000 da gilashin kare fuska, kuma kada ka taɓa yin haɗin babbar wuta kai kaɗai a gareji. Ka raba batirin gida biyu da abin cirewa a tsakiya, haɗin ƙarshe ya zama shi ne na ƙarshen aiki. Wayoyin babbar wuta duka biyun, mai kawowa da mai mayarwa, ba sa taɓa jikin mota, saɓanin yadda muka saba da wayar bolt 12, kuma masu launin ruwan lemo ake sawa don duk wanda ya buɗe bonet ya gane. Fis ya zauna kusa da batir. Manyan makunnai biyu, ɗaya a kowane ɓangare, da resistan, wato abin da ke rage kwararar wuta, wanda zai fara cika kafasitocin inbata, ƙananan ma'ajiyoyin wutar da ke cikinta, a hankali kafin babban makunni ya rufe, in ba haka ba wutar da za ta kwararo a sakan na farko tana iya manne bakinsa ya ƙi buɗewa. Ka ƙara makunnin da ke yanke wuta da kansa idan mota ta yi karo. Bayan ka kashe komai ma kafasitocin nan suna riƙe wuta na ɗan lokaci, don haka ka jira, sannan ka auna da mita kafin ka kai hannu.

Na'urar da ke lura da ƙwayoyin batir, wadda ake ce wa BMS, kada ka yi mata rowa. Ita ke duba wutar kowane rukuni da zafinsa, ta dakatar da caja idan ɗaya ya cika kafin saura. Ƙwayar litiyom da aka cika fiye da kima tana iya yin zafi ta kama wuta ta kunna maƙwabtanta, kuma irin wannan gobarar ba ta mutuwa da sauƙi. Tunda na hannu za ka saya, ka gwada kowane ƙunshi shi kaɗai, ka cika shi ka sauke ka ga abin da yake ɗauka da gaske, domin mafi rauni a cikinsu shi zai yanke wa sauran iyaka.

Ka je hukumar rajistar motoci da kamfanin inshorarka tun yanzu ka ji sharuɗɗansu, saboda dokar kowace ƙasa daban ce, wasu kuma suna matsawa sosai idan an yanka ko an huda shasi. Gara ka tsara akwatunan batir a kan ramukan noti da ke nan tun asali.

Ka tambaye ni ko ba na kewar ƙarar injin. Ina yi, ba zan ɓoye maka ba, musamman wannan kukan da take yi idan allurar da ke nuna juyin inji ta haura 6,000 a minti ɗaya. Amma na samu wasu sautukan da ban taɓa ji ba a da: ɗan zuwwan giyabos, tsakuwa tana bugun ƙasan mota, yadda sautin taya yake canzawa kafin ta fara zamewa. Kuma fitowa daga kwana a giya ta uku, ka taka ta amsa ba tare da jiran komai ba, motar tana nan da sauƙinta a hannu, wannan ya ishe ni.

Ka aiko min da awon tayoyin huɗu da hoton ƙarƙashin motar, da faɗi da zurfin wurin tanki bayan ka sauke shi, sai in turo maka zanen akwatunan da na yi ka gani ko za su shiga. Kada ka sayi batir kafin nan, domin shi ya kamata ya zama sayayyar ƙarshe, yana tsufa ko a ajiye yake.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare.

Naka,
amininka